Muhawara: Ƙera kariyar kaya a saman mota, da ƙarfen canel ko da bututun walda?

Mai Sienna:
Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ƙarfe da kuma waɗanda suka daɗe a kan hanya. Ina da Toyota Sienna ƙirar 2006 wadda na saya 'yar Kwatano. Ta zo da dogayen sandunan nan biyu na gefen rufi, amma masu gittawa a tsakiya babu su, ga alama tun can aka cire. Mu takwas ne a gida har da ni, kuma duk lokacin da za mu tashi daga Kaduna zuwa Funtuwa da sallah, ko za a mayar da yara makarantar kwana, kaya kan cika motar har sai ƙanana sun ɗora jakunkuna a cinya. Na tambayi kuɗin kariya ta kamfani, wato abin ɗora kaya a saman mota, na ga ya fi ƙarfina a yanzu.

Wani maƙwabcina mai aikin wayarin ɗin manyan gine-gine ya ba ni ragowar ƙarfen da suke kira canel, wato ƙarfen nan mai siffar kwararo da jerin huji a bayansa, wanda ake rataye bututu da wayoyi a jikinsa. Faɗinsa milimita 41, tsayinsa ma 41. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne ba ya buƙatar walda, da noti kawai ake haɗa shi. Niyyata in yi firam mai tsawon mita 1.8 da faɗin mita 1.2, da sanduna biyar a gicciye, in ɗaure shi a jikin sandunan gefe. Ko akwai wanda ya taɓa yin irin wannan?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Malam, shekara talatin da 'yan kai na yi ina jan mota, daga Fijo 504 doguwa har zuwa Hiace, kuma ban taɓa jan wadda ba ta da kariya ba. Duk a wajen masu walda aka yi mana su, da ƙarfen angul. Mun ɗora buhunan albasa, mun ɗora babur, mun ɗora gadaje na kayan amarya. Saboda haka ka yi abinka, ƙarfen da ka faɗa ya fi wanda muka yi aiki da shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka dai tabbatar ƙafafun sun zauna da kyau.

Injiniya:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Maganarka ta ƙarshe ita ce tushen zancen, amma ina so in ja hankalin Malam kan bambancin motocin da ka ja da tasa. Fijo 504 da Hiace suna da magudanar ruwa ta ƙarfe a gefen rufi, wurin da aka naɗe falle biyu ko uku na bodi aka haɗe su, kuma a nan ƙafafun kariya suke kamawa, sau da yawa ƙafa huɗu ko biyar a kowane gefe. Sienna ba ta da wannan. Sandunanta na gefe ba cikakken ƙarfe ba ne, cikinsu fanko ne, kuma 'yan kusoshi ƙalilan ne suka riƙe su a jikin rufin.

Malam Mai Sienna, kafin komai, ka buɗe littafin motar idan yana nan, ka nemi shafin da ya yi magana kan kayan saman rufi, ka gaya mana adadin da aka rubuta. Sannan ka ɗora mita ɗaya na canel ɗin a kan sikeli.

Mai Sienna:
Na gode, Injiniya. Littafin yana nan a aljihun gaba. An rubuta kada a wuce fam 150, wato kilo 68. Canel ɗin kuwa na kai wajen mai sayar da hatsi a bakin layinmu, guntu mai tsawon mita biyu ya ba da kilo 5 da rabi da ɗan ɗoriya.

Injiniya:
To, ga lissafin da nake so kowa ya gani. Wannan nauyi ya nuna canel ɗinka mai kauri ne, kusan kilo 2.8 a kowace mita, kuma haka ya kamata, domin an ƙera shi ne don gine-gine, inda babu wanda ya damu da nauyinsa. Dogayen gefuna biyu na firam ɗinka mita 3.6 ke nan. Masu gittawa biyar, kowane mita 1.2, sun ba da mita 6. Jimilla mita 9.6, idan ka ninka da 2.8 za ka samu kusan kilo 27. Ka ƙara faranti na kusurwa da kusoshi da notika, ka doshi kilo 30 tun ba ka ɗora ko jakar hannu ba.

Kilo 68 ɗin da aka rubuta kuwa har da nauyin firam ɗin da za ka ƙara a ciki, domin rufin mota bai san bambancin ƙarfe da kaya ba. Abin da ya rage maka kilo 38 ne, bai kai buhun shinkafa ɗaya mai kilo 50 ba. Ka ga ka gina abin da shi kansa zai iya ɗaukar ɗaruruwan kilo, ka aza shi a kan sandunan da ba za su iya ba, kuma ƙarfin nasa ne zai yaudare ka ranar da wani zai ce a taimaka a ɗora masa buhun masara.

Tsohon Direba:
Injiniya, ban ƙi lissafinka ba, amma waɗannan lambobi na Turawa ne, kuma kullum suna rage wa abu daraja don gudun shari'a. Je ka tashar Kawo ko Unguwa Uku ka ga abin da Golf da Sharan suke ɗauka. Da a ce kilo saba'in ne iyaka, da babu motar da za ta kai Zariya.

Injiniya:
Gaskiya ne, Baba, masu ƙera mota sukan bar rata, kuma idan mota tana tsaye rufinta yana ɗaukar abin da ya ninka wannan adadi. Amma adadin da ke cikin littafi na mota mai tafiya ne. Lokacin da taya ta faɗa rami a guje, kayan sama sukan yi tsalle su dawo da ƙarfin da zai iya ninka nauyinsu sau biyu ko fiye. Lokacin da aka taka burki har ƙasa a kan busasshiyar kwalta, kaya masu kilo 60 sukan tura gaba da ƙarfin da ya kusa kilo 50, kuma kusoshin sandunan gefe ne za su tare wannan turin. Idan karo aka yi, ninkin ya wuce nan da nisa.

Akwai kuma abin da ba ya da alaƙa da karyewar ƙarfe. Duk nauyin da aka kai sama yana sa mota ta riƙa rinjaya a kwana, kuma ranar da akuya ko ɗan acaɓa ya gitta aka karya sitiyari kwatsam, a nan ake ganin bambanci. Motocin tasha da ka ambata suna isa Zariya, amma kai ka fi ni sanin yawan waɗanda ake gani kwance a gefen hanya da kaya a warwatse. Malam kuma 'ya'yansa zai ɗauka.

Mai Walda a Fanteka:
Salamu alaikum. Ni wannan ita ce sana'ata, kuma na yi kariya ta fi ɗari. Ra'ayina shi ne a ajiye canel ɗin nan a yi wani aikin da shi, a sayi sikwaya fayif inci ɗaya, wato bututu mai kusurwa huɗu mai milimita 25, a yi walda. Ya fi sauƙin nauyi, ya fi kyan gani, ruwa ba ya kwanciya a cikinsa idan an toshe bakunansa, kuma babu notin da zai kwance a hanya. Abin da aka haɗa da noti, in dai a kan hanyoyinmu ne, wata rana sai ya saki. Na sha karɓar gyaran irinsu.

Sai dai in gaya muku gaskiya game da fayif na kasuwa: akwai wanda za a ce maka kaurinsa milimita 1.5 ne, amma da ka ɗora masa wuta sai ya huje kamar gwangwanin madara. Ni idan na je saye ina ɗaga shi da hannu ne, in buga shi da sifana in saurari ƙararsa. Mai kauri yana amsawa da nauyi, marar kauri kuwa sai ka ji shi tas-tas.

Injiniya:
Wannan shawara ce mai kyau, kuma ga hanyar da wanda hannunsa bai saba ba zai bi. Bututu mai 25 da 25 mai kaurin 1.5 na gaske yana da nauyin kilo 1.1 a kowace mita, wato cikakken tsawo mai kusan mita 6 ya kamata ya kai kilo 6 da rabi. Idan sikeli ya nuna kilo 4, an rage kauri, ko me mai shago ya faɗa. Game da ƙarfinsa kuwa, idan aka gitta irin wannan bututu a kan tazarar mita 1.1, sai an aza masa kusan kilo 90 a tsakiyarsa cif kafin ya fara lanƙwasar da ba za ta miƙe ba. Tunda kayan za su bazu a kan sanduna da yawa, ya wadatar. Biyu ko ukun da za su zauna a kan sandunan mota ne kaɗai zan so a yi su da mai kaurin milimita 2.

Idan aka rage firam ɗin ya koma mita 1.5 da 1.1, da sanduna huɗu a tsakiya, mita 9.6 ɗin nan ce dai, amma nauyin bai wuce kilo 11 ko 12 ba. A ƙara ɗan gajeren shinge a gaba da gefuna, a ce kilo 15. An bar wa kaya fiye da kilo 50.

Mai Sola:
Ina so in kare canel kaɗan, domin da shi nake cin abinci. Kusan kullum muna ɗaure faifan sola a kansa, kuma iskar farkon damina da ke yaye kwanon rufi ba ta cika raba faifai da canel ba idan an ɗaure yadda ya kamata. Abin da Malam ya samu mai zurfin ne. Akwai marar zurfi, 41 da 21, wanda idan siriri ne nauyinsa kusan rabin wancan ne, akwai kuma na alminiyam, wanda shi kansa alminiyam ɗin nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe. Amfanin canel shi ne tsagar da ke tsakiyarsa: kana iya zura noti ka matsar da shi duk inda kake so, yau ka ɗaura zoben igiya, gobe ka ɗaura madafin tsani ko keke, ba tare da ka sake huda komai ba. A kan motata ta aiki sanduna biyu kawai na gitta, marasa zurfi, ina ɗora tsani da faifai biyu, shekara ta uku ke nan.

Abin da na yarda da Maigida Mai Walda a kai shi ne batun noti. Notin canel mai sifirin a ƙasa yana riƙe leɓen ƙarfen ne da 'yan haƙora, kuma an yi shi ne don abin da ke zaune wuri ɗaya a jikin gini. A kan mota ban yarda da shi ba a wuraren da rai ya dogara a kansu. A irin waɗannan wurare ƙusa nake zurawa ta ratsa hujin gaba ɗaya, in sa wosha mai faɗi sama da ƙasa, in ɗaure da noti mai roba a ciki, wanda girgiza ba ta kwance shi. Kusar kuma a duba kanta, a ga an buga 8.8, kada a karɓi marar lamba.

Mai Walda a Fanteka:
Sanduna biyu a gicciye wani abu ne daban, wannan ban musa ba. Amma Malam jakunkuna da katifa zai ɗauka, yana buƙatar shimfiɗa da shinge. Kuma ina roƙon kada wani ya ce zai haɗa biyun, wato ya kawo mini canel in yi masa walda. An lulluɓe shi da tutiya don kada ya yi tsatsa, kuma da wuta ta taɓa shi sai wani farin hayaƙi ya tashi. Ina yaro a wajen maigidana na taɓa yini ina walda a kan irin wannan ƙarfe a cikin shago. Da dare sai ga zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon gaɓoɓi, bakina yana ɗanɗanon ƙarfe, har aka sayo mini maganin zazzaɓin cizon sauro. Washegari da yamma na warware. Tun daga nan idan dole ta sa, sai na goge wurin da giranda, in fito fili, in sha madara bayan na gama.

Ma'aikaciyar Jinya:
Maigida, Allah ya ƙara kiyayewa. Abin da ka kwatanta sananne ne a likitance, zazzaɓi ne da shaƙar hayaƙin tutiya ke kawowa bayan 'yan sa'o'i, kuma yakan tafi cikin kwana ɗaya ko biyu. Goge wurin da fitowa fili daidai ne. Madara kuwa ba ta hana shi, domin hayaƙin huhu yake shiga, madarar kuma ciki take tafiya. Ina faɗa ne saboda yaran da ke koyon aiki a hannunka, kada su ɗauka gwangwanin madara ya isa su tsaya a cikin hayaƙi. Takunkumin da aka yi don hayaƙin walda da iska mai ratsawa su ne abin dogaro.

Mai Walda a Fanteka:
Na karɓa, Hajiya. Haka muka gada daga manya, amma zan gaya wa yaran.

Mai Sienna:
Na gamsu da batun nauyi, kuma na karkata ga bututun walda. Tambayata yanzu ita ce ɗauri. Wani ya ce mini in manta da sandunan gefe, a huda rufin motar a zura kusoshi kai tsaye, wai ya fi ƙarfi.

Bakanike:
Kada ka yarda, Malam. Fallen rufin mota bai kai milimita ɗaya ba, ƙarfinsa yana wajen haƙarƙarin da ke ƙarƙashi da kuma gefuna, kuma wanda zai huda daga sama ba ya ganin inda suke. A ƙarƙashin silin akwai wayoyin fitilu, akwai hanyar iskar sanyi ta kujerun baya, sannan a gefe akwai jakar iska ta labule wadda ke faɗowa a lokacin haɗari. Bakin diril guda ɗaya ya isa ya lalata ɗaya daga cikinsu. Ko an tsira daga wannan, duk hujin da aka yi a rufi ƙofa ce ta ruwa. An kawo mini wata mota a watan Agusta, silin ɗinta ya jiƙe ya sauko kamar tantin biki, da muka cire shi muka tarar tsatsa ta zagaye kowace kusa kamar faɗin kwabo, fallen har yana ɓarewa a hannu.

Haka kuma kada a yi waldar komai a jikin motar. A auna, a je a haɗa a ƙasa, a yi fenti, ya bushe, sannan a ɗora. Tartsatsin walda da na giranda yana cin gilashi ya bar ɗigo-ɗigo, wutar kuma tana iya taɓa na'urar da ke sarrafa injin. Kafin ka ɗora komai, ka ɗaga murfin roba na ƙafafun sandunan gefen, ka duba kusoshinsu, domin motar ta kusa shekara ashirin.

Injiniya:
Na goyi bayan wannan. A yi amfani da kusa mai siffar U, mai kaurin milimita 8, wadda za ta rungumo sandar gefe daga ƙasa ta fito ta cikin faranti da aka yi wa walda a jikin firam. Wuri shida ya fi huɗu, kuma a matsar da na gaba da na baya kusa da ƙafafun sandar, inda ta fi ƙarfi, kada a tara su a tsakiyarta inda take lilo. Tsakanin ƙarfe da sanda a sa roba mai kauri, guntun tsohon tiyub na babbar mota ya isa, ita kanta kusar a zura mata tiyo. Wajen ɗaurewa a bi a hankali, ana zagayawa ɗaya bayan ɗaya, har robar ta matse firam ya daina motsi. Wanda ya sa dogon sifana ya danna da ƙarfinsa zai murƙushe sandar, tunda fanko ce. A tuna kuma sandunan ba miƙaƙƙu ba ne, suna bin lanƙwasar rufi kuma tazararsu ba lallai ta zo ɗaya a gaba da baya ba, don haka a auna kowane wuri daban kafin a huda faranti.

Tsohon Direba:
Tunda an zo batun ɗauri, bari in faɗi abin da na gani da idona, ko da yake ɗazu na yi musu. Wata shekara na ɗauko kayan amarya a Hiace, katifa biyu a can sama, an ɗaure su da igiyar roba ta tiyub kamar yadda muka saba. Mun wuce Kwanar Dangora ina cikin gudu, sai na ji motar ta yi sauƙi a gaba kamar ana ɗaga ta, sannan wata ƙara ta tashi. Iska ce ta shiga ƙarƙashin katifun ta naɗe su baya, ba su tafi su kaɗai ba, suka fizge ƙafafun kariyar biyu na gaba, magudanar ruwan ta buɗe kamar an sa mabuɗin gwangwani. A madubi na ga katifa ɗaya ta tashi ta sauka a gaban wata ƙaramar mota da ke bina. Allah ya sa direban ya kauce. Na tsaya na sauka ƙafafuna suna rawa, uwar amarya tana ta salati. Katifa ba ta da nauyi, ko yaro zai ɗauke ta, amma ita ce ta yi mini abin da buhunan albasa ba su taɓa yi ba.

Injiniya:
Na gode da wannan, Baba, ya fi duk lissafin da na kawo. Ƙarfin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkin-ba-ninki yake yi: idan gudu ya tashi daga kilomita 60 zuwa 120 a awa, turin iskar sau huɗu yake ninkuwa. Iskar da ta hau gilashin gaba kuma sama take nufa, daidai ƙarƙashin duk abin da ya leƙo gaba. Don haka kariya tana buƙatar riƙo ta fuska uku, danni daga sama, turi zuwa gaba, da fizga zuwa sama, kuma mutane na farkon kawai suke tunawa. Malam, katifar makaranta a naɗe ta tam, a sa ta a bayan jakunkuna. Tamfol a cusa bakinsa na gaba a ƙarƙashin kaya yadda iska ba za ta samu ƙofa ba. A bar igiyar roba, a sayi bel mai ƙugiya da abin matsewa, aƙalla uku, biyu a gicciye ɗaya daga gaba zuwa baya. Abu mai nauyi kamar jarkar ruwa mai lita 25, wadda ita kaɗai kilo 25 ce, wurinta cikin mota a ƙasa. Sama ta kayan sawa ce da abin da ya cika wuri ba nauyi. Dokar hanya ta ba ƙananan motoci na gida kilomita 100 a awa a kan babbar hanya mai tagwaye, amma da kaya a sama ni ba zan wuce 80 ba. Jami'an kiyaye haɗurra ma suna kama lodin da ya wuce ƙa'ida.

Mai Sienna:
Assalamu alaikum. Bayan mako uku, ga yadda aka yi. Na sayi bututun da sikeli a hannu, sai a shago na uku na samu wanda nauyinsa ya cika. An haɗa firam mita 1.5 da 1.1, da shinge mai tsayin santimita 12 a gaba da gefuna, bayan kuma a buɗe. An toshe bakunan, an goge, an shafa jan fenti na hana tsatsa sannan baƙi sau biyu. Da kusoshi da komai ya tashi kilo 16. Na rubuta 50 da farin fenti a jikinsa ta gefen direba don kada a yi gardama da ni ranar tafiya. Da na ɗaga murfin ƙafafun sandunan kamar yadda Bakanike ya ce, na tarar da kusa ɗaya ta baya ta saki har tana juyawa da yatsa, an ɗaure ta.

Mun je Funtuwa mun dawo. Na tsaya a Zariya na zagaya da sifana, noti biyu na gaba sun ɗan karɓi ɗauri, ina jin robar ce ta zauna. A dawowa babu wanda ya motsa. Matsala ɗaya ce: idan babu kaya, daga kilomita 70 zuwa sama, akwai wani fito mai shiga kunne da ke fitowa daga gaba, kuma na lura mai yana ɗan saurin sauka.

Mai Sola:
Barka da hanya. Fiton nan iska ce ke karyewa a bayan sandar gaba a kai a kai da tsari ɗaya, kamar yadda wayar lantarki ke kuka da hunturu. Ka samu igiya mai kaurin ɗan yatsa ka naɗe sandar gaban da ta shingen, a karkace, tazarar yatsu huɗu tsakanin kowane zagaye, ka ɗaure bakin da kyau. Tana wargaza tsarin iskar, yawanci sautin yakan mutu. Idan bai mutu ba, ka duba ko akwai hujin da aka bari a buɗe, ko ka matsar da firam ɗin baya kaɗan. Da canel ka yi, da kukan ya fi haka, ni sai da na rufe tsagar tawa da roba.

Mai Walda a Fanteka:
Madalla da aiki. Abu ɗaya nake so ka riƙa dubawa: gindin waldar farantan nan shida. Bututu siriri ba a tsakiya yake karyewa ba, a gefen walda yake fara tsagewa, kuma alamar farko wani siririn layin tsatsa ne kamar gashi a kan baƙin fenti. Idan ka gan shi kada ka shafe da fenti, ka sauke ka kawo a gyara.

Injiniya:
Batun mai kuwa, kariya ko babu kaya tana tare iska, kuma a doguwar tafiya ake jin abin. Tunda sau huɗu ko biyar a shekara kake buƙatarta, ka riƙa sauke ta, noti goma sha biyu ne, kai da babban ɗanka za ku gama cikin minti ashirin. Ka yi wa sandunan alama da fenti a wuraren da farantan ke zama don kada ka sake awo. Notika masu roba kuma riƙonsu yana raguwa idan an yawaita kwancewa, ka ajiye sababbi a mota, ka canza robar tiyub ɗin duk lokacin da ka ga rana ta fara tsattsaga ta.

Mai Sienna:
Na naɗa igiyar jiya da yamma na gwada a hanyar Zariya, fiton ya ɗauke sai ɗan huci kaɗan. Ranar Asabar za mu sauke ta in sha Allahu, na riga na kafa ƙugiya biyu a bangon gareji. Canel ɗin kuma zan yi kantar ajiye kaya da shi a sito. Mai Sola, idan akwai ragowar notin nan mai sifirin a wajenka, guda ashirin nake nema.